Darasi na 7: Firgicin da Ya Ƙi Barin Jiki

Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, sama da mutum miliyan 2 ne suka bar gidajensu a arewa maso gabas. A Zamfara da Katsina da Sakkwato ma 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama. Mutane sun tsira da ransu, amma abin da ido ya gani bai sake su ba.

A ce mace ce tana tuƙa tuwo a sansanin 'yan gudun hijira, sai babur ya wuce. Gabanta ya faɗi, muciya ta suɓuce, gumi ya karyo mata. Ɗan acaɓa ne kawai, ita ma ta sani. Jikinta ne bai yarda ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Ga dalili. Idan haɗari ya taso, jiki kan saki wani sinadari da ke sa zuciya bugawa da sauri, don mutum ya iya gudu. Ga wasu, ko haɗarin ya wuce jikin ba ya sauka. Sai mugun mafarki, rashin barci, yawan zabura, saurin fushi, da ƙin bin hanyar da abin ya faru. A makonnin farko kowa na iya jin haka. In ya wuce wata 1 yana hana mutum harkokinsa, ya zama ciwo, kuma ana warkewa.

Ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne. Masu cewa "ka manta kawai" da kyakkyawar niyya suke faɗa, sai dai da mantuwa a hannun mutum take, da tuni ya manta.

Abin yi idan gaba ya faɗi

Zauna, tafin ƙafa a ƙasa, hannu ɗaya a kan ciki. Ja numfashi ta hanci kana ƙirga 1 zuwa 4. Sake shi ta baki a hankali har ka ƙirga 6. Fitarwar ta fi shaƙar tsawo, domin ita ke rage gudun zuciya. Yi haka sau 10; mai carbi ya ƙirga da shi. In rufe ido na dawo maka da hoton abin, bar shi a buɗe.

Sannan ka ambaci abu 5 da kake gani: buta, tabarma, tsintsiya, ko me ke kusa. Sai abu 4 da kake taɓawa, da sauti 3 da kake ji. Ka faɗi sunan ranar da sunan garin da kake. Tunani zai kuɓuce kamar akuyar da ta tsinke igiya. Jawo shi, ba duka ba zagi. A riƙa gwadawa kullum lokacin da hankali ke kwance, misali bayan sallar asuba, don jiki ya saba kafin ranar buƙata.

Zuwa asibiti

Numfashi yana sassautawa, amma ciwon da ya daɗe yana son ƙwararre. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, a Kano kuma akwai na Dawanau. Babban maganin zama ne da likitan halayyar ɗan Adam, galibi sau 8 zuwa 12, yana taimaka maka ka tunkari abin kaɗan-kaɗan har ya daina razana ka. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Tiramol da kodin kuwa matsala suke ƙarawa. Wanda ya fara tunanin kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar.

Aikin aji

Ku rubuta waɗannan kalmomi a littafinku: firgici, numfashi, mafarki, barci. Sai ku zauna bibbiyu, ɗaya na ƙirgawa, ɗaya na numfashi, sannan ku sauya. Malam, a kula: kada a tilasta wa kowa ba da labarin abin da ya same shi a gaban aji.