Yadda Nake Haɗa Gaɓoɓin Keken Tafiya na Yaro Don a Iya Kwance Shi

Keken tafiya, wato wanda yaro mai wahalar tafiya ke dafawa yana takawa, idan aka yi masa walda ya zama guda ɗaya yana da ƙwari, amma da ƙyar yake shiga bayan mota, kuma yaro na ƙara tsawo sai ya bar shi. Shi ya sa nake yin nawa da gaɓoɓin da ake cirewa. Ƙa'idata ita ce babba ya iya kwance shi da hannu ba sai da sifana ba, yaron kuwa ya kasa.

Ka fara da zaɓen wurin gaɓar. Kada ta zauna a kwana ko kusa da walda, domin nan ne nauyi ke lanƙwasa ƙarfe, kuma zafin walda yana rage ƙarfin alminiyam. Tsakiyar miƙaƙƙiyar ƙafa ce wurinta.

Na fi son a zura bututu cikin bututu: mai faɗin milimita 22 ya shiga cikin mai milimita 25. A nan aikin yake. Na cikin ya nutse aƙalla santimita 7, ko da an ɗaga keken zuwa iyakar tsayinsa. Idan ya gaza haka, ƙafar za ta riƙa girgiɗi, kuma yaron da jikinsa ke kakkafewa, da zarar ya ji abin da ya dogara da shi yana rawa, sai ya ƙara ƙanƙamewa ya ƙi takawa. In akwai ɗan sako-sako tsakanin bututun biyu, ka sa zoben roba a bakin na wajen. Kada ka cusa tsumma ko tef.

Wajen kullewa, maɓalli mai sifirin, wanda ke faɗawa cikin rami ya riƙe bututun biyu, ya wadatar ga ƙafafu. Ka huda ramuka a jere, tazarar santimita 2.5 tsakaninsu, ka goge bakin kowanne da magagari har ya daina kartar yatsa. Ramin da yatsan yaro zai shiga ya maƙale shi ne abin tsoro, don haka waɗanda ba a amfani da su a toshe su ko a rufe da rigar roba. Sandar da ke haɗa gefen dama da hagu kuwa, wadda ke hana keken buɗewa, ni ban yarda da maɓalli a nan ba. Fil mai kulle kansa nake sawa, in ɗaure shi da gajeriyar waya a jikin keken, kada ya ɓata ko ya ƙare a bakin yaro.

Ka shafa fenti kala ɗaya a bakin duk gaɓoɓi biyu da ke haɗuwa, kowane haɗi da tasa kalar, saboda mai haɗawa cikin gaggawa yakan juya dama zuwa hagu.

Tsayin mariƙi yakan zo daidai da wuyan hannun yaro idan ya tsaya ya saki hannuwansa, amma likitan gashi da motsa jiki da ke duba shi ne zai tabbatar. Kafin yaro ya taɓa keken, ka ɗora masa nauyi ninki biyu na nauyinsa, ka jijjiga shi ta kowane gefe, sannan ka duba ko wani rami ya fara faɗi ko tsagewa.