Yadda Ake Kallon Tsuntsayen Hijira a Tsibirin Ventotene

Ventotene ɗan tsibiri ne a tekun Italiya, ana shiga jirgin ruwa zuwa can daga garin Formia. Ka je daga tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Mayu, lokacin da tsuntsayen da suka yi lokacin sanyi a ƙasashenmu ke komawa Turai. Tsattsewa, alhuduhudu, kurciyar Turai da ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari sukan ƙetare Sahara, su ƙetare teku, su faɗo nan a galabaice. Tun 1988 masu bincike ke sa musu zobe a ƙafa a ƙarƙashin shirin Piccole Isole, wato shirin nazarin hijirar tsuntsaye a ƙananan tsibirai.

Kada ka ce sai da asuba kawai ake ganin su. Waɗanda suka taso daga gaɓar Arewacin Afirka da daddare ba su da wurin sauka a kan ruwa, don haka da yawa sai hantsi ya yi suke isowa. Ka riƙe madubin hangen nesa, littafi ƙarami da fensir. Ni fensir nake so, domin feshin teku na ɓata tawada.

Ka samu wurin da tsiron ferula ya yi fure, dogo ne mai furanni rawaya, ka zauna ka yi shiru. Za ka ga ƙananan tsuntsaye suna tsotsar ruwan furen, har garinsa ya ɓata musu goshi. Yunwa ce ta kai su, sun ƙone kitsen jikinsu a hanya. Don Allah kada ka matsa kusa don hoto. Tsuntsun da ya kwana yana tashi, in ka sake kora shi, kana iya zama ajalinsa.

Rubutu kuwa, nan take ake yin sa: kwanan wata, ƙarfe nawa, wuri, inda iska ke kaɗowa, da adadin da ka ƙirga. Wanda ba ka gane ba, rubuta launin ƙafarsa, tsawon bakinsa, yadda yake kaɗa wutsiya, ka bar suna ga masu zobe su taimaka maka. Sunan da aka cinta ɓata lissafin kowa yake yi. Ranar da ba a ga komai ba ita ma a rubuta ta, tana da amfani. Ƙadangaru da malam-buɗe-littafi su ma su shiga littafin. Da yamma ka zuba bayanan tsuntsayen a eBird, manhajar da masu kallon tsuntsaye ke adana abin da suka gani, kafin ka kwanta.