Yadda ake gano abin da ya kashe fitilun sifikar mota

Sifiku masu fitila a zagaye sun cika Katsina yanzu, daga motocin samari har Keke Napep da ke zirga-zirga tsakanin Kofar Kaura da Kofar Marusa. Da zarar fitilar ta ɗauke, ko da sauti na fita garau, sai ka ga mutum ya nufi shago zai sayi wata sifikar. Alhali sau da yawa fitilar lafiyarta lau, wuta ce ba ta isa gare ta. Aikinka shi ne ka bi wutar daga batir har bakin sifika, ka ga inda ta tsaya.

Ka tanadi mitar gwada wuta ko fitilar gwaji irin ta 'yan rewaya, da sukundireba, da filaya, da salatif.

Da farko ka san irin fitilar da kake da ita. Akwai wadda ke shan wuta daga sautin kansa, wayoyi biyu kacal ke shiga sifikar. Irin wannan ba ta haske sai an ƙure murya, tana ƙyaftawa tare da bugun kiɗa, don haka idan ka rage sauti ta mutu, ba lalacewa ta yi ba. Ɗayar kuma tana da nata wayoyin daban, masu ɗaukar bolt 12. Idan mai launi ɗaya ce za ka ga waya biyu, idan mai canza launi ce za ka ga huɗu: ɗaya ta kawo wuta, sauran ukun na ja da kore da shuɗi, duka suna tafiya zuwa wani ɗan akwati da rimot ke sarrafawa.

Sai ka duba yadda ta mutu, domin wannan kaɗai kan rage maka rabin wahala. Idan duk sifikun sun yi duhu lokaci guda, matsalar na wurin da suka haɗu: fis (ɗan abin da ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa), ko akwatin, ko wayar negatif da ake ɗaurewa a ƙarfen mota. Idan ɗaya ce ta mutu, ka bar fis ya huta, ka bi wayar wannan ɗayar. Idan launi guda ne ya ɓace, misali ka danna fari ya fito ruwan ɗorawa, to wayar shuɗi ce ta tsinke ko ta kwance.

Kafin ka kwance ko kusa ɗaya, gwada rimot. Ɗan batirinsa mai kama da kwabo, yawanci CR2025, yana ƙarewa ba sallama. Idan rimot ɗin mai ɗan ido ne a goshi, saita shi gaban kyamarar wayarka ka danna, za ka ga ɗan haske yana ƙyaftawa in yana aiki. Ka kuma kunna fitilun gefe na motar ka gani. Wasu masu ɗaurawa kan jona fitilar sifika a wayar ruwan lemo da ke bayan rediyo, wadda ba ta samun wuta sai an kunna fitilun mota. Da rana kuwa sai a rantse ta lalace.

Yanzu fis. Banda na cikin akwatin fis na mota, galibi akwai wani ƙarami a jikin wayar da ke zuwa akwatin fitilar, an cusa shi bayan rediyo ko ƙarƙashin kujera. Zare shi ka ɗaga sama ka duba ko ƙarfen cikinsa ya rabu. In ya ƙone, sa mai lamba ɗaya da shi. Launin fis kan nuna lambarsa: ja 10 ne, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, fitilun sifika kuwa ba su cika wuce 3 ko 5 ba. Nan ne mutanenmu ke yin ganganci, a naɗa zaren waya a maimakon fis ko a sa mai babbar lamba. Idan sabon fis ya sake ƙonewa nan take, wata waya ce ta saɓule tana taɓa ƙarfen mota, kuma idan ka hana fis ƙonewa, wayar ce za ta ɗau zafi a ƙarƙashin kafet.

Idan fis lafiya, sa mita a DC 20, baƙar sandar mitar a ƙarfen mota marar fenti, jar a wayar da ke shiga akwatin, makulli a kunne. Ya kamata ka ga kusan bolt 12.6 idan inji a kashe yake, tsakanin 13.5 da 14.5 idan yana aiki. Ba ka ga komai ba? Wayar ta yanke tsakanin fis da akwati. Ka gani? To mayar da baƙar sandar kan wayar negatif ta akwatin kanta. Idan lambar ta faɗi ko ta ɓace, negatif ne mai laifi. Kwance kusar da ta ɗaure wayar negatif, kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi sheƙi, ka ɗaure tam. Fitilar da ke dusashewa duk lokacin da bes, wato sauti mai kauri, ya buga ma sau da yawa nan ciwonta yake, ko kuma batir ya gaji.

Sifikar ƙofa tana da nata halin. Wayoyinta na ratsa wata roba mai lanƙwasa tsakanin ƙofa da jikin mota, kullum ana buɗewa ana rufewa, ga zafin bazara da ke busar da robar waya, ga girgizar hanya ga mai yawan bin Mashi zuwa Daura da shiga ƙauyuka. Jan ƙarfen kan tsinke daga ciki, bayan kuwa fes. Kunna fitilar, ka riƙa motsa robar da hannu, ko kana buɗe ƙofar a hankali. In ta ƙyafta, ka kama ɓarawo. Da damina kuma ruwa na bin gilashi ya sauka cikin ƙofa, sai ka tarar da bakin haɗin ya yi kore. A yanke wurin a haɗa da dalma, murɗa waya da salatif ba ya jure zafin garin nan.

Gwaji na ƙarshe shi ne ba fitilar wuta kai tsaye daga batir, ta cikin fis. Amma fa a kula sosai, wayoyin fitila kaɗai. Idan ka sa bolt 12 a wayoyin sauti, kwayil ɗin sifikar, wato naɗin siririyar wayar da ke cikinta, zai iya ƙonewa. Idan ba ta kama ba, juya wayoyin, domin irin wannan fitilar, wato LED, ba ta haske in an sa mata wuta a baibai. A mai waya huɗu, ka sa wuta a wayar da ke kawo wuta, ka taɓa negatif a sauran ukun ɗaya bayan ɗaya. Duk sun kama, akwatin ne ya mutu, kuma ana sayar da shi daban. Idan wani yanki na zoben fitilar ne kawai ya yi duhu, ƙwayayen wurin sun ƙone, domin uku-uku ake jera su. A nan zoben za ka canza, ka ɗauki tsohon zuwa shago a auna maka faɗinsa, a kuma tabbatar yawan wayoyin sabon ya yi daidai da na akwatinka.