Yadda za ka gane sassan injin ƙaramin jirgin sama idan ka san injin babur

Yaran garejinmu a Birnin Kebbi sukan tambaye ni ko injin ƙaramin jirgi mai farfela wani abu ne daban da wanda muke kwancewa kullum. Ga yadda nake yi musu bayani, da injin Lycoming O-320 na jirgin Cessna 172P, mai ƙarfin doki 160.

Idan an cire murfin hancin jirgin, fara da silinda. Huɗu ne, a kwance, biyu dama biyu hagu. Kada ka nemi lagireto, babu shi. Iska ce ke sanyaya injin, shi ya sa jikin kowace silinda yake da tsage-tsage irin na babur. A ciki fistin ne da ringi da bawul biyu, kuma aikin bugu huɗu ne: zuƙa, matsa, ƙonewa, fitar da hayaƙi. Giya ma babu. Farfela a kan karanshaf aka ɗaure ta, juyinta ba ya wuce 2,700 a minti.

Daga nan ƙirga fulogi. Za ka samu takwas, biyu a kowace silinda, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Bi wayoyinsu zuwa bayan injin, za su kai ka ga maganeto biyu. Nan nake so ka tsaya ka lura sosai. Maganeto da kansa yake samar da wuta, ba ruwansa da batir, kuma kowanne yana ba fulogi ɗaya wuta a kowace silinda. Ko ɗaya ya mutu ana sama, ɗayan zai riƙe injin.

Kafin tashi matuƙi yakan gwada su. Ya kai juyi 1,700, ya murɗa makulli zuwa R, wato maganeton dama kaɗai, ya dawo kan duka biyun, sannan ya kai L, na hagu kaɗai. Juyin zai ɗan sauka, amma kada saukar ta wuce 125, kuma bambancin da ke tsakaninsu kada ya wuce 50. In injin ya yi gargada, galibi fulogi ne ya yi datti.

Kafireto yana ƙarƙashin injin. Maɓalli mai launin ja da ke gaban matuƙi na rage mai ne idan an yi sama iska ta yi ƙaranci. A lokacin hunturu ƙurarmu takan toshe matatar iska, a riƙa duba ta. Man kuwa fetur ne na jirgi da ake kira 100LL, shuɗi. A ɗiba kaɗan a kwalba daga ƙarƙashin fiffike, in akwai ruwa zai kwanta a ƙasa.

Farfela kuwa, ina roƙonka, kada ka taɓa ta don ka ga makulli a kashe. In wayar da ke kashe maganeto ta tsinke, juyi ɗaya da hannu na iya tayar da injin.