Shawara ga masu sa yashin teku a cikin yumɓu

'Yan'uwa masu ginin tukwane da kayan ado na yumɓu, ina so in ja hankalinmu kan yashin da muke ɗebowa daga gaɓar teku, kamar a Legas ko Badagry, domin jikin kasko ya fito da kaushi irin na bakin ruwa. Yashin yana da kyau ƙwarai, amma cike yake da gishiri da ɓarɓashin ƙumba (wato ɓawon ƙananan halittun ruwa), kuma ƙumbar ita ce babbar matsala.

Idan zafin wutar gashi ya kai wajen digiri 900 a ma'aunin Celsius, ɓarɓashin nan yakan koma wani farin gari mai shan danshi. Bayan an fitar da kaya, garin zai riƙa jan laima daga iska yana kumbura, har sai ya ɓalle ɗan gutsure daga jikin tukunyar, ya bar rami mai farin ɗigo a tsakiya. Na taɓa asarar faranti shida ta wannan hanya, mako biyu bayan na tabbata aiki ya kammala.

Saboda haka, a wanke yashin da ruwan daɗi sau da yawa, a shanya, a tankaɗe da rariya mai ƙananan ido, sannan a ɗiga ruwan lemun tsami a kan ɗan kaɗan. In ya yi kumfa, to, da sauran ƙumba a ciki. Wanda yake son siffar ƙumba ko wuri, ya danna su a jikin yumɓun tun yana da ɗan taushi, ya cire kafin gashi.