Kombo ko kai da akwati: yadda mai jita zai zaɓi amfilifaya

Amfilifayar jita kashi biyu ce: injin da ke ƙara wa sauti ƙarfi, da sifikar da ke fitar da shi. A kombo an haɗa su cikin akwati ɗaya, ka ɗauka da hannu ɗaya ka jona wuta. A ɗaya tsarin kuwa injin daban yake, shi ake kira kai, ana ɗora shi kan akwatin sifika, waya ta haɗa su. Kafin ka tambayi kuɗi, tambayi kanka inda za ka riƙa kaɗawa da wanda zai riƙa ɗauko maka kayan, domin a nan zaɓin yake yankewa.

Fara da nauyi. Ana yawan zaton kombo ne mai sauƙi, amma ba kullum ba. Fender Twin Reverb, mai wat 85 da sifika biyu masu inci 12, ya kusa kilo 30, Vox AC30 ma ya ɗara haka, kuma duk nauyin a mariƙi ɗaya yake. Akwatin Marshall mai sifika huɗu ya haura kilo 35, kan da ake ɗora masa kuma wajen kilo 20. Sai dai ƙaramin kai da akwati mai sifika ɗaya sun raba nauyin gida biyu, kowane hannu da nasa. Wanda ke hawa a-daidaita-sahu ko bayan babur zuwa wurin wasa, kombo mai sifika ɗaya ya fi masa, irin su Fender Blues Junior mai wat 15 ko Boss Katana 50, waɗanda ba su kai kilo 15 ba.

Kada yawan wat ya ruɗe ka. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarar sauti, sai ka ninka shi kusan sau goma kafin kunne ya ji ƙarar ta ninka. Ingancin sifika da yawansu sun fi tasiri. Kai mai bawul (kwalaben gilashi masu ƙara wa sauti ƙarfi) mai wat 100 ba ya ba da daɗin sautinsa sai an buɗe ƙararsa sosai, kuma a ɗakin taro madaidaici ba za a bar ka ka buɗe ba. In akwai manyan sifikun taro, makirufo ɗaya a gaban kombo mai wat 20 ya wadatar.

Bambancin sauti yawanci daga ginin akwatin yake zuwa. Galibin kombo a buɗe bayansu yake, don bawul su sha iska. Sautin yana fita gaba da baya, yana bazuwa, mai ganga da ke bayanka ma yana jin ka, amma kaurin sautin yana raguwa, musamman a fili inda babu bangon da zai mayar da shi. Masu kaɗa jita a bukukuwan waje, kamar yadda ake yi a Agadas, sun san wannan matsalar. Akwati mai rufaffen baya yana tura sauti gaba da kauri da ƙarfi, sai dai a miƙe yake tafiya: na tsaye daidai gabansa kunne zai yi masa zafi, na gefe kuma ya ce bai ji ba.

Akwai wata illa ta kombo mai bawul da ba a cika faɗa ba. Bawul suna zaune tazarar 'yan incina daga sifika, suna shan girgiza duk lokacin da ka kaɗa. A hankali sai ka fara jin ƙaras-ƙaras ko fito a wasu muryoyin. A tsarin kai da akwati wannan ya yi sauƙi, kuma in kai ya lalace shi kaɗai za ka kai wa mai gyara.

Wanda ya zaɓi kai da akwati, dole ya iya lissafin om, wato ma'aunin turjiyar sifika ga wutar lantarki, domin a nan ake asarar kaya. Kowane akwati yana da adadinsa, yawanci 4, 8 ko 16, a rubuce kusa da ramin waya. A bayan kai mai bawul akwai ramuka ko makunni masu waɗannan lambobin, sai ka daidaita su: akwati mai 16 a ramin 16. In ka jona akwati biyu a kai ɗaya, kusan kullum lissafin rabewa yake yi. Biyu masu 16 sun zama 8, biyu masu 8 sun zama 4. Kada ka taɓa kunna kai mai bawul ba tare da sifika a jone ba, saboda ƙarfin ba shi da mafita, sai ya koma cikin taransifomar fitarwa ya ƙona ta, kuma tana cikin mafi tsadar kayan ciki. Kai mai taransisto, wato marar bawul, akasin haka yake: galibinsu ba sa damuwa da rashin sifika, amma in ka sauka ƙasa da mafi ƙarancin om da aka rubuta, zai yi zafi ya ɗauke ko ya ƙone.

Wayar ma ba kowace ba. Wayar jita da wayar sifika bakinsu iri ɗaya ne, cikinsu ya bambanta. Ta jita siririya ce, an yi ta don ɗan ƙaramin sigina. In ka sa ta tsakanin kai da akwati za ta yi zafi, ta narke ko ta yanke, kuma yankewarta daidai take da kunna kai babu sifika. Sannan duba juriyar akwatin ta kai ko ta fi ƙarfin kan. Sifikar Celestion Greenback wat 25 take ɗauka, huɗu sun zama 100, Vintage 30 kuma wat 60 kowace. Kai mai wat 50 a kan Greenback ɗaya zai yaga ta.

A ganinmu, kai da akwati ya dace da mutum uku: mai son sauya sauti ta hanyar sauya akwati, mai wasa a wuraren da ake ajiye akwati sai dai ya zo da kan amfilifayarsa, da mai kiɗa mai nauyi da ke buƙatar rufaffen baya. Sauran mutane kombo ya ishe su. In kana tsaka-tsaki, nemi kombo mai ramin ƙarin sifika a baya, ranar babban taro ka haɗa masa akwati.

In na hannu za ka saya, karanta farantin da aka rubuta bolt ɗin da take ci kafin ka jona. Kayan da aka yi don Amurka bolt 120 suke ci, wutar Najeriya da Nijar kuwa tsakanin 220 da 240 take, don haka sai da taransifomar rage wuta mai ƙarfin da ya zarce abin da amfilifayar ke ja. A kan janareta, bari ya daidaita kafin ka kunna, ka kuma kashe amfilifaya kafin a kashe shi. Wajen gwaji, bar ta a kunne minti 20, ka kaɗa kirtani mafi kauri da ƙarfi kana sauraron gurnanin sifika, ka murɗa kowane makunni ka ji ko yana ƙaras-ƙaras, sannan ka ciro fis ka tabbatar lambarsa ta yi daidai da wadda aka rubuta a jiki, ba waya aka naɗa a madadinsa ba.