Rayuwa da ciwon faiburomayaljiya a karkara: shin yana sauƙi da tafiyar lokaci?

Faiburomayaljiya ciwo ne da ke bin jiki dama da hagu, sama da ƙasa, ya daɗe fiye da wata uku, tare da gajiya mai tsanani, da barcin da ba ya hutar da mutum, da yawan mantuwa. Yana kama kimanin mutum 2 zuwa 4 cikin ɗari, kuma mata sun fi yawa a cikinsu. A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa da wuya a ji an kira shi da sunansa. Sai dai a ce sanyi ne ya kama ta, ko taifot ne ya ƙi jin magani, in an gaji kuma a ce son jiki ne, ko a koma ga zancen sammu da iska.

Duk wanda aka shaida wa yana da wannan ciwo, tambayarsa ta farko ita ce ko zai warke. Gaskiyar magana ita ce ba a sami maganin da ke kawar da shi gaba ɗaya ba, kuma kaɗan ne suke rabuwa da shi kwata-kwata. Amma ba ya cin ƙashi, ba ya lalata gaɓɓai, ba ya shanye jiki, kuma shi kansa ba ya kisa. Yana tashi ne yana kwantawa, kuma mutane da yawa suna samun sauƙi na gaske cikin watanni da shekaru idan suka koyi yadda za su tafiyar da jikinsu. Tushen matsalar yana cikin ƙwaƙwalwa da laka, waɗanda suke ƙara wa saƙon zafi ƙarfi fiye da kima, kamar rediyon da aka ƙure wa murya, har taɓawa kaɗan ta zama raɗaɗi. Wannan zafi na gaskiya ne, kuma ana iya rage ƙarfinsa sannu a hankali.

Matakin farko shi ne a tabbatar da cewa shi ne. Babu gwajin jini ko hoton da ke nuna shi, don haka likita yana gano shi ne daga bayanin mara lafiya da duba jiki, bayan ya kawar da cututtukan da ke kama da shi, irin su ƙarancin jini, da sikila, da matsalar maƙoƙo, da amosanin gaɓɓai mai kumburi. A 1990 ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ta kafa ƙa'idar danna wurare 18 a jiki, idan 11 suka yi zafi a ce shi ne, amma daga 2010 an koma ga auna yaɗuwar ciwon da tsananin gajiya da rashin barci. Idan asibitin karkara ya rasa gane abin, a nemi takardar turawa zuwa babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko na tarayya da ke Birnin Kudu. Zazzaɓi mai dawowa, da rama babu dalili, da kumburin gaɓa da ake gani da ido, ba halin wannan ciwo ba ne, kuma suna buƙatar bincike na daban ba tare da jinkiri ba.

Abin da bincike ya fi ƙarfafa amfaninsa shi ne motsa jiki, har likitocin gaɓɓai na Turai a shawarwarinsu na 2017 suka sa shi gaba da kowane magani. A nan ne mutanenmu kan yi gardama, su ce wadda take daka da surfe da ɗebo ruwa, wane motsa jiki kuma ya rage mata? Bambancin yana da girma. Aikin gida yakan zo ne da yawa a lokaci guda, ba hutu, alhali abin da jiki ke buƙata shi ne motsi mai sauƙi wanda ake maimaitawa kullum. A fara da tafiyar minti biyar da safe bayan rana ta ɗan ɗaga, ko da a tsakar gida ne, a riƙa ƙara minti ɗaya ko biyu duk mako, tare da miƙe hannuwa da wuya da baya a hankali. Makonnin farko jiki zai iya ƙara tsami, wannan ba alamar lahani ba ce. A rage tsawon tafiyar, amma kada a daina.

Sai kuma auna aiki, wanda a ganina shi ne ya fi wuya. Ranar da mace ta tashi da ƙarfi, sai ta haɗa wanki da daka da share tsakar gida don ta rama abin da ya wuce, washegari kuma ta kasa ɗaga kai har kwana uku. Maimakon haka, a raba wankin gida biyu, a yi shi a zaune a kan kujera 'yar tsuguno, a kai hatsi inji idan da hali, a ɗauki rabin jarka sau biyu maimakon cikakkiya sau ɗaya, kuma a tsaya a huta tun kafin ciwon ya taso. Haka manomi, ya nome kunyoyi kaɗan da sanyin safiya ya dawo inuwa, ya nemi gayya lokacin girbi. Ranar da tsayuwa ta gagara, addini ya ba da damar yin salla a zaune.

Barci yana da babban tasiri, domin daren da aka kwana ana juyi, ciwon yakan fi tsanani da safe. A riƙa kwanciya da tashi a lokaci guda, a bar goro da shayi mai ƙarfi daga la'asar, kuma kada barcin rana ya yi tsawo. Wanka da ruwan ɗumi yana sassauta jiki, musamman da hunturu, lokacin da wasu ke jin ciwon ya ƙaru.

Batun magani yana buƙatar taka-tsantsan. Likita yakan rubuta amitriptyline kaɗan da dare, ko duloxetine, ko pregabalin, kuma suna taimaka wa wasu ne kawai, bayan makonni ana sha. Ibuprofen da diclofenac ba su cika tasiri ga wannan ciwo ba, kuma yawan shansu yana jawo gyambon ciki da cutar ƙoda. Haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda a kemis ko a kasuwa, wanda mai sha bai san abin da ke ciki ba, ya fi komai haɗari. Tramadol da pregabalin kuwa suna iya kama mutum har ya kasa bari, don haka kada a taɓa su sai da takardar likita. Wanda ke zuwa wurin wanzami don ƙaho, ko yake shan sassaƙe, ya shaida wa likitansa.

Ina roƙon maigida da uwar miji da abokan zama su yarda da abin da mara lafiya ke faɗa. Damuwa da ɓacin rai suna tayar da wannan ciwo, kuma wadda ake yi wa gorin ragwanci takan tilasta wa kanta aiki har ta kwanta. Idan baƙin ciki ya yi yawa, ko ta daina jin daɗin komai, a faɗa wa likita, domin shi ma ana maganinsa.

Don a gane ko ana samun ci gaba, a sami ƙaramin littafi, ko a sa wani ɗa a gida ya riƙa rubutawa kullum: yadda aka yi barci, da aikin da aka yi, da ƙarfin ciwon daga 1 zuwa 10. A riƙa kwatanta wata da wata, domin tashin ciwo na kwana biyu ba ya nufin an koma baya. Bayan wata uku a kai wa likita littafin, shi zai duba ko a ƙara tafiya, ko a sauya magani, ko a fara rage shi.